Majigi Mai Ido Uku da Inuwar Zaure

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne na kamu da ciwon majigi. Haka matata ta kira abin, ni kuma ban musa mata ba. Muna zaune a unguwar Jamaica ta Queens, cikin New York, a lokacin, ina aikin lodin kaya a filin jirgi, mun samu gida mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, bangonsa fari tas. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce injin da zai haska fim a bangon nan nake nema, mu riƙa kallon ƙwallo kamar muna bakin fili. Akwai gaskiya a ciki, don tun ina yaro a Funtuwa, in motar majigi ta zo filin makaranta, ni ba allon nake kallo ba, zagayawa nake yi in ga ta inda hasken yake fitowa. Amma ba ƙwallo ce ta tayar da ni tsaye ba, wani kaset ne.

A wancan zamanin, in an yi biki a gida, sai a ɗauki bidiyo a ba wani matafiyi ya kawo mana. Kaset ɗin gida ba ya yi a injin Amurka, sai ka ga hoto yana birgima, muryoyi suna gudu. Saboda haka muke kai wa wani mutumin Nijar mai shago a Fordham Road, ya juye mana a sabon kaset. "Sistam ɗin ba ɗaya ba na," haka yake cewa kullum, ya miƙo maka biyu, na asali da kwafi. Na asalin sai a jefa shi saman kabad a manta da shi, tunda ba abin da zai kalle shi.

Akwai kuma al'adar da kowa ya sani. Bayan an gama hidima, mai ɗaukar bidiyo zai ce, "To, a gaida na Amurka." Sai dangi su jeru, kowa ya matso gaban kyamara ya faɗi tasa. Wata ta yi addu'a, wata ta yi ƙorafin ba a aiko mata da takalmi ba, tsofaffi su yi ta ɗaga murya wai don nisa. Wannan wurin muke fara nema in kaset ya iso, kafin ma mu duba amarya.

Kaset ɗin bikin ƙanwata ya zo, na ga kowa a layin gaisuwa, har da maƙwabcinmu da ba mu taɓa shiri ba. Mahaifina ne kawai babu. Dama akwai 'yar tsama tsakaninmu. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya turo ni karatu da sharaɗin in koma in koyar, ni kuma na gama na yi zamana ina ɗaga akwatunan mutane. Wasiƙarsa ta ƙarshe da zafi ta zo, amsata ma ba ta da sanyi, daga nan ya yi shiru fiye da shekara. Ƙanwata ce ke rubutowa, kullum da layi ɗaya a ƙarshe, wai Baba yana gaishe ni. Na san irin wannan gaisuwar, ta rufa asiri ce.

Sai a kallo na uku na lura da wani abu. Gwaggona tana gaban kyamara tana ta dogon bayani, can bayanta kuma, a inuwar zaure, akwai mutum zaune a kujera da farar riga. Fuskarsa ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba a talabijin ɗinmu, kuma duhun zauren ya cinye ta. Hular dai irin ta Baba ce, zaman ma nasa ne. Sai wani abu ya motsa a gefensa, ya yi sama, ya ɗan tsaya, ya sauka, kyamara ta juya. Hannu ya ɗaga mini, ko ƙuda ya kora? Abin da ya hana ni sakat ke nan. In gaisuwa ce, to ya huce, sai in rubuta masa in ba shi haƙuri. In ƙuda ne, ke nan ya zauna yana kallon kowa na gaishe ni ya ƙi tashi, ni ma ba zan zubar da kaina ba. Taurin kan nan gadonsa na yi, ba a kasuwa na saya ba.

"Ka buga waya mana ka tambaya," in ji matata.

"In tambayi me? In ce Baba, ni ka gaisar ko ƙuda?"

"Allah ya shirye ku, kai da shi," ta ce, ta koma kan girkinta.

Ni lissafina mai sauƙi ne. Abin da ya yi ƙanƙanta, a faɗaɗa shi. In ƙwayar gyaɗa ta zama girman faranti, ai dole in ga abin da hannun ya yi. Da wannan tunanin na cusa kwafin kaset ɗin a aljihun rigar sanyi, na shiga zaryar shagunan kayan lantarki duk ranar hutuna.

Babban shagon da na fara zuwa a Manhattan yake, yana da ɗaki na musamman mai labule da kujeru masu laushi. Mai sayarwar wani Bature ne mai furfura da fara'a, da alama yana son aikinsa. Ya nuna mini wani ɗan inji mai ido ɗaya, wanda za ka iya rungumarsa ka hau jirgin ƙasa da shi, ya ce sunansa el-si-di. Na ce ya bar suna ya gaya mini yadda yake aiki, nan fa ya ji daɗi. Ya ce fitila ce mai ƙarfi a ciki, a gabanta akwai 'yan gilasai masu ƙananan tagogi birjik, kowace taga tana buɗewa tana rufewa, hasken da ya samu hanya shi ne hoton. Na tsaya ina jinjina kai. Mutum ya zauna ya ƙera tagar da ido ba ya gani, kuma ya koya mata lokacin buɗewa!

Ya saka nasa fim ɗin, Turawa suna sulu a kan dusar ƙanƙara, komai fari fat, sararin sama shuɗi. Kyau kam ba a magana. Sai na zaro nawa na ce a gwada wannan. Gwaggona ta bayyana a bango, kanta ya kai girman tayar mota, tana ta zuba. Na tashi na matsa kusa da zauren, har inuwar kaina ta shiga hoton, sai na kauce gefe. Abin da na gani ya ba ni mamaki fiye da haushi. Hoton duk an yanka shi 'yan murabba'ai, kamar kana leƙen tsakar gida ta ragar taga. Inuwar zauren kuwa ba baƙa ba ce, toka-toka ce, kuma mutumin da ke ciki ya narke a tokar, sai farar riga da hula suna shawagi ba fuska.

"Me ya sa baƙinsa ba baƙi ba ne?" na tambaye shi.

Ya ce ai tagogin ba sa rufuwa ruf, kullum sai haske ya ɗan tsiyaya. Ya ce yawancin masu saye ba sa damuwa da wannan. Na ce masa yawancin masu saye ba a inuwa danginsu suke zama ba. Ya yi dariya, amma na ga bai gane ba, ni kuma ban yi masa bayani ba.

Daga nan na gwada ƙaton talabijin ɗin nan mai girman kabad, wanda injin haskawarsa yake ɓoye a cikinsa ta baya. Wannan sai ka zauna daidai tsakiyarsa kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Ka gusa gefe kaɗan, hoton ya dushe. Na tuna yadda muke cika ɗaki in kaset ya zo, wasu a ƙasa wasu a hannun kujera, na ce wannan faɗa zai haddasa. Zauren ma bai buɗe mini ba.

A wani shagon kuma aka nuna mini sabon yayi, wai di-el-fi. Wannan shi ya fi burge ni, har na kusa manta abin da ya kawo ni. Wai madubai ne a ciki, ƙanana fiye da ƙwayar gero nesa ba kusa ba, kowanne yana kaɗa kai, ya jefa haske bango ko ya kawar da shi, a gabansu kuma wani faifai mai launuka yana juyawa da gudu. Na sa mai shagon ya maimaita mini har sau biyu. Hoton ya fi na farko santsi, ragar ba ta fito sosai ba. Amma duk lokacin da na kai idona daga gwaggo zuwa zaure, sai in ga walƙiyar ja da kore da shuɗi ta gifta a gefen farar rigar. Na ce akwai bakan gizo a injin nan. Mai shagon ya rantse ba ya ganin komai, ya ce wasu idanun ne kawai suke kama shi. To, nawa idon dai ya kama, har na fito da ciwon kai, kuma hannun yana nan a matsayin wani abu da ya motsa.

Na tara takardun talla sun cika teburin cin abinci. Na koyi cewa akwai injin da ya fi haske, akwai wanda ya fi launi, akwai wanda fitilarsa ke mutuwa da wuri, akwai wanda fankarsa ke gurnani ta hana ka jin magana. Abokan aikina suka fara zolayata da injiniya. Abin da ban samu a ko wace takarda ba shi ne wane inji ne ya san yadda zai yi da baƙar fuska a cikin inuwa. Matata ta ce in ban kwashe takardun ba za ta naɗe ƙosai da su.

Wani direban bas ɗin filin jirgi ne ya ce in je unguwar Tremont, akwai wani dattijo mutumin Kumasi da ke gyaran talabijin a ƙarƙashin wani bene, ba abin da bai sani ba. Na je ranar Asabar bayan azahar. Na same shi cikin gawarwakin talabijin, da tabarau a kan hanci, yana cin gyaɗa. Hausarsa ta Zangon Kumasi ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Na zayyana masa duk yawon da na yi, da tagogi da madubai da bakan gizo, ina jin kaina masani. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "Yoo. Amma mene kana so ka gani?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, sai na ji kunya ta kama ni. Na gaya masa gaskiya, tun daga wasiƙa har zuwa ƙuda.

Bai yi dariya ba. Ya tashi ya yaye wani bargo a lungu, sai ga wani ƙaton inji mai idanu uku a jere, ja da kore da shuɗi, kowanne ya kai bakin kwano. Ya ce daga wani otal aka cire shi, an ce ya tsufa, sai mutum uku suke ɗaga shi. Ya ce wannan ba fitila ɗaya ba ce da ake tare haskenta. Talabijin uku ne ƙanana a ciki, kowanne yana zana nasa launin, su haɗu a bango. Inda hoto ya ce baƙi, ba sa aika komai, shi ya sa baƙinsa baƙi ne, kuma abin da ke cikin inuwa yana fitowa daki-daki. Aibinsa shi ne ba shi da ƙarfin haske, ko kyandir ka kunna sai ya ji kunya.

Na miƙa masa kaset. Ya juya shi ya ga rubutun mai juyawa a jiki, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ei, Malam! Kwafi kana yawo da shi duk New York? Ina original?"

Na ce yana saman kabad, ai ba ya yi a nan.

"A injin su ba ya yi. Wannan ya na ci duka, na gida da na nan, bidiyo na ma haka. In an juya kaset, abin da ke duhu shi ne ya na fara mutuwa. Ka sa shi a injin sarki ma, abin da babu, babu."

Wato sati shida ina zagin injinan mutane, alhali rabin laifin a aljihuna yake. Ban taɓa kawo wa raina cewa kwafi ba daidai yake da na asali ba. A wurinmu duka, na asalin shi ne mara amfani, wasu ma ɗaukar ƙwallo suke yi a kansa. Na koma gida, na hau kujera na laluba saman kabad. Yana nan cikin ƙura, Allah ya sa ba mu taɓa shi ba.

Asabar ta gaba matata ta ce sai ta bi ni ta ga ƙarshen haukan. Dattijon ya toshe 'yar tagar ɗakin da kwali, ya rataya farin zanen gado a bango. Da ya kunna injin, ba fim ne ya fito ba, layuka ne a gicciye, ja daban, kore daban, shuɗi daban. Ya ce idanun uku sai an sasanta su su kalli wuri ɗaya. Ya durƙusa yana murɗa wasu 'yan maɓallai yana cewa "kakra-kakra", wato kaɗan-kaɗan, ni kuma na tsuguna kusa da shi ina kallon jan layi yana rarrafawa har ya hau kan kore, shuɗi ya bi su, suka zama fari guda. Ya yi haka a tsakiya, ya yi a kowace kusurwa. Ya ɗauki kusan awa ɗaya, kuma wallahi ban gaji ba. Matata ce ta yi ta duba agogo.

Sannan ya saka kaset ɗin. Hoton bai yi hasken na shago ba, amma yana da taushi, babu raga babu walƙiya. Lallen hannun gwaggona ya fito, wanda ban san ma ta sa ba. Zauren kuma ya buɗe. Na ga tabarma jingine da bango, na ga buta, na ga sanda a gefen kujera. Fuskar ba ta fito tar ba, kada in yi ƙarya, amma Baba ne, ya rame, yana kallon kyamara kai tsaye. Hannu ya tashi, ya tsaya, ya sauka.

"Gaisuwa ce!" na ce, har na miƙe tsaye. "Kin gani? Ba ƙuda ba ne!"

Matata ta ce wa dattijon, "Baba, don Allah a mayar baya, a tafi da shi a hankali."

Ya mayar, ya danna wani maɓalli, hoton ya riƙa tafiya taki ɗaya-ɗaya. A nan na ga abin da ta gani. Hannu biyu ne suka tashi. Na hagun ne ya fara motsi, ya ratsa cinya ya kamo na daman a wuyan hannu, ya ɗaga shi sama kamar mai ɗaukar kayan wani. Yatsun na daman a lanƙwashe suke, ba su motsa ba. Da ya sake shi, faɗuwa ya yi a cinyarsa.

Dattijon ya cire tabarau ya ce a hankali, "Stroke ne. Yaya na ma haka ya yi."

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Shi ya sa bai tashi ya shiga layi ba, shi ya sa babu wasiƙa, ni kuma ina nan ina auna fushinsa da nawa. Hannun hagunsa lafiya lau yake, da ya ɗaga shi da kowa ya gani tun daga nesa. Amma Baba ba zai taɓa gaida mutum da hagu ba, ko da ɗansa ne da ya ɓata masa rai. Na koma na zauna a kan wani mataccen talabijin na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun da na bar gida. Kunya ce ta fi yawa a ciki, sannan tausayi.

Injin dai na saye shi a wurin dattijon, mu huɗu muka sauke shi ɗakin ƙasa, kuma ya yi mana shekaru. Amma kafin nan, washegari, na buga waya gidan wani ɗan kasuwa a unguwarmu ta Funtuwa, wanda shi kaɗai ke da tarho, na roƙa a kira mini ƙanwata. Da na gaya mata abin da na gani sai ta ce, "Yaya, a ina ka gani? Ai mun ce wa mai bidiyon kada ya ɗauke shi." Ta ce Baba ne ya hana a faɗa mini. Ya ce takarduna na zama a Amurka ba su kammala ba, in na ji zan taho, in na taho kuma ba zan samu komawa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa in dawo, shi ne ya sa aka rufe mini don kada in dawo.

Lahadi ta gaba suka ɗauko shi a mota suka kawo shi gidan tarhon. Na ji ana gyara masa zama, ana cewa a riƙe masa. Muryarsa ta yi nauyi, kalmomin suna jan ƙafa, sai da na toshe ɗaya kunnen. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni kamar yadda yake katse ɗalibai.

"Bar wannan. An ce ka ga gaisuwar?"

"Na gani, Baba."

"Sau uku na ɗaga," ya ce. "Ban san lokacin da abin nasu yake kallona ba."

Sau ɗaya kawai kyamarar ta kama, na san haka don na bi kaset ɗin taki-taki daga farko har ƙarshe. Na ce masa, "Duka ukun sun iso, Baba."